Fam 2,000 a Ingila, naira miliyan huɗu a Wapa: wa ya fi wani jin daɗi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren jiya. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa biyu ke nan a Ingila yana aikin kula da tsofaffi a wani gari kusa da Manchester. Na ce ya taimaka da kuɗin maganin Hajiya na wata uku, sai ya ce in yi haƙuri sai ƙarshen wata, wai yana cikin matsi. Yaron nan da bakinsa ya taɓa gaya mini in ya yi ƙarin awanni, abin da ke shiga hannunsa a wata yana kai fam 2,000. Na buga a waya, a canjin Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, wannan kusan naira miliyan huɗu ne. Ni albashina bai kai 200,000 ba, kuma mutum tara ke ci a gidana. To don Allah wane irin matsi ne mai miliyan huɗu yake shiga? Ko dai zaman Turai ne ya fara canza mana shi?

Ɗan Kurmi: Wa'alaikumus salam. Alhaji, ai ba sabon abu ba ne. Da sun sha iskar can sai su manta hanyar gida. Miliyan huɗu a wata? Ni a ba ni wannan na wata shida, na sa harsashin gini a Danbare.

Maman Hanif: Yaya, ka yi haƙuri in sa baki, don ni ma a nan Ingila nake, shekara huɗu ina aikin jinya. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Fam 2,000 ɗin nan ba ta taɓa ganin Wapa ba, a nan ake samunta kuma a nan ake kashe ta. Bari in ba ka lissafin gidana. Haya fam 850, ɗaki biyu ne da ɗan falo wanda in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa bango. Harajin ƙaramar hukuma daban, kusan 150. Wuta da gas na ɗumama ɗaki, lokacin sanyi sai abin da Allah ya yi, kuma ba a yi musu rowa, don sanyin nan yana kashe mutum. Kuɗin bas, kuɗin waya, cefane. Ga wanda ya fi ci mini rai: mai riƙe mini yaro in na tafi aiki. A gida sai in ajiye shi wajen kakarsa ko maƙwabciya in yi gaba. A nan awa-awa ake lissafawa. Aski kaɗai na mai gidana fam 15 ne. Buga wannan ma a wayarka, Yaya, ka ga naira 30,000 ke nan don a rage maka suma.

Ɗan Kurmi: Dubu talatin? Wallahi gara in bar ta ta zama ta Buzaye.

Malam Mai Alli: Madalla da Maman Hanif, ta yi mini rabin aikin. Baban Ummi, lissafinka bai yi kuskure a kan lamba ba, ya yi kuskure a kan mudun da ka auna da shi. Farashin canji ba ya gaya maka abin da kuɗi ke iya saye a garin da ake kashe shi. Abin da yake gaya maka shi ne nawa masu neman dala ko fam suka yarda su biya a yau. Su waye masu neman? Mai shigo da magani, mai shigo da kayan gyaran mota, mai biya wa ɗansa kuɗin makaranta a waje, maniyyaci. Wato kayan da ke tsallaka iyaka. Amma ka duba inda albashinka ke tafiya: haya, kuɗin adaidaita, ɗinkin sallah, ɗan garuwa, mai aski, kuɗin makarantar yara a unguwa. Babu ɗaya da ake ɗora wa jirgi a kai Landan. Farashinsu a nan ake yanke shi, da ƙarfin aljihun mutanen nan.

Saboda haka masana tattalin arziki suka fito da wani mudu daban, wanda ake kira daidaiton ƙarfin saye, a takaice PPP. Wani Basuwidine, Gustav Cassel, shi ya yaɗa sunan a wajajen 1918, lokacin da yaƙin duniya na farko ya hargitsa darajar kuɗaɗen Turai. Dabarar ba ta da wuya. A haɗa kwando guda na abin da mutane ke saye, abinci, sutura, haya, sufuri, magani, sai a tambayi kuɗin kwandon a kowace ƙasa da kuɗinta. In kwandon dala 100 ne a Amurka, a wata ƙasa kuma in ka canza dala 30 ta ishe ka ka cika shi, to dala ɗaya a can tana aikin dala uku da ɗoriya. Tun 1968 aka kafa wani shiri na ƙasa da ƙasa don wannan aikin, Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Pennsylvania suka soma shi, yanzu Bankin Duniya ke riƙe da shi. Zagaye na baya-bayan nan an yi shi da farashin 2021, ƙasashe da yankuna 176 suka shiga, aka fitar da sakamako a 2024.

Ga misali da Indiya. A 2023, in ka raba abin da ƙasar ta samar ga yawan mutanenta, ka canza a farashin kasuwa, kowane mutum zai tashi da wajen dala 2,500 a shekara. A mudun ƙarfin saye kuwa wajen 10,000 ne. Amurka tana wajen 80,000 ta kowace fuska, don da ita ake auna saura. Ka ga a mudu na farko Ba'amurke ya ninka Ba'indiye sau talatin da wani abu, a na biyu sau takwas. Da wannan mudun ne kuma China ta wuce Amurka a girman tattalin arziki tun shekarun baya, Indiya ta zama ta uku, alhali a farashin canji Amurka ce kan gaba har yau.

Ɗan Kurmi: Alhamdulillahi! Ashe dama ƙarya ake mana. Kullum a ce mana matalauta, ashe mudun ne na algus. Ni dama na sani, mai naira dubu ɗari uku a Kano ya fi wanda ke wanke wa Bature kashi a Landan kwanciyar hankali.

Malam Mai Alli: A'a, Ɗan Kurmi, kada ka ɗauki maganata ka gudu da ita. Sau takwas fa na ce. Wanda ya ninka ka sau takwas ba sa'anka ba ne. Kuma ka gyara harshe, aikin kula da tsofaffi halak ne, da shi ake sayen maganin Hajiya.

Ɗan Kurmi: Na janye, Allah ya gafarta Malam. Baban Ummi, a yi mini afuwa.

Injiniya: Ni duk wannan kwando da mudu ba na son su, sun yi mini yawa. Akwai ma'aunin da ba ya bukatar dala ko kaɗan: awa nawa za ka yi aiki kafin ka sayi abu? Mu ɗauki ma'aikaci na ƙasa a kowane ɓangare. A Najeriya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Kwana 22 na aiki, awa takwas-takwas, awa ɗaya ta kama wajen naira 400. A Ingila a Afrilun 2025 an sa mafi ƙaranci ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa. Maman Hanif, nawa kike sayen shinkafa?

Maman Hanif: Ƙaramin buhu mai kilo 10, a shagon 'yan Pakistan, fam 18 nake saye.

Injiniya: Yauwa. Kilo 50 fam 90 ke nan, wato naira 180,000. Ni satin jiya na sayo buhu 75,000. Ashe shinkafarsu ta ninka tamu tsada fiye da sau biyu, Ɗan Kurmi sai ka yi tafi. Amma ma'aikacinsu a yini ɗaya, awa bakwai da rabi, ya yi kuɗin buhun, kafin a cire haraji. Namu sai ya yi wata guda cur bai sha ruwa ba bai hau mota ba, kuma ya ci bashin dubu biyar. Wayar hannu ta naira 150,000 kuwa, namu wata biyu da 'yan kwanaki, nasu awa shida.

Yanzu mu koma kan askin da ya tayar wa Ɗan Kurmi hankali. Fam 15 awa ɗaya da kwata ce ga ma'aikacinsu. A unguwarmu aski naira 700 ne, awa ɗaya da minti arba'in da biyar ga namu. Kun gani? Ko a wurin da muke ganin mun fi su araha sau arba'in, in aka auna da gumi, kusan kunnen doki ne, har ma sun ɗan fi mu.

Autan Zaure: Kai, wannan lissafin ya ɓata mini rai da safen nan. Amma Malam, me ya sa askin ya yi araha haka a nan? Ai almakashi ɗaya ne, kai ɗaya ne.

Malam Mai Alli: Auta, tambayarka ita ce cibiyar maganar. Mai askin Manchester bai fi na Kurna iya aiki ba, wataƙila ma na Kurna ya fi shi hannu. Bambancin shi ne abin da zai samu in ya ajiye almakashin. Na can zai iya shiga masana'anta ko rumbun ajiyar kaya, inda injuna da wutar da ba ta ɗaukewa suka sa mutum ɗaya ke samar da abin da goma za su samar a wani wuri, a biya shi fam goma sha biyu a awa. To in kana so ya tsaya ya yi maka aski, dole ka biya shi abin da zai hana shi tafiya. Na Kurna in ya ajiye almakashin ina zai je? Masaƙun Sharaɗa da Bompai da suka ɗauki iyayenmu aiki, nawa suka rage? Sai ya karɓi ɗari bakwai ya yi godiya. Masana biyu, Bela Balassa da Paul Samuelson, kowa ya yi bayanin wannan a rubuce a 1964, har abin ya ɗauki sunansu.

Shi ya sa nake jin wani iri idan na ji muna taƙama da arahar rayuwa. Eh, a nan malamin sakandare yana iya ɗaukar mai wanki da guga, abin da likita a can sai ya yi tunani kafin ya yi. Amma arahar mai wankin nan ba daga sama ta faɗo ba, talaucinsa ne muke amfana da shi. Abin da ya zama sauƙi a aljihunka shi ne dukan abin da ya shiga nasa.

Hajiyar Kwari: Malam, ni 'yar kasuwa ce, ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da tambaya. Wannan dalar taku ta ƙarfin saye, a wane banki ake karɓarta? Don ni in zan sayo yadi da leshi daga Guangzhou, ba wanda ya taɓa ce mini, Hajiya, tunda tuwo na da araha a garinku, kawo sulusin kuɗin. Dala ce tsabarta, a farashin ranar. Kujerar Makka a 2023 ba ta kai miliyan uku ba, a 2025 ta haura takwas. Ƙawata da ta yi shekara shida tana adashi don ta sauke farali, tana ji tana gani aka tafi aka bar ta. Maganin hawan jini da na sukari haka. Taki haka. Batirin sola haka. To ina ƙarfin sayen?

Malam Mai Alli: Hajiya, gaskiyarki, kuma babu bankin da ke karɓarta. Mudu ne na kwatanta rayuwar cikin gida, ba kuɗin kashewa ba. Duk abin da ya shafi sayayya daga waje, ko biyan bashin ƙasa, ko aikin hajji, farashin canji ne sarki. Kowanne da inda yake aiki. Matsalarmu ita ce abubuwan da muke sayowa daga waje ba kayan ƙawa ba ne, su ne magani da injin da takin.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manyan zaure. Mu da ke bakin iyaka mun ga wannan abin da idonmu, ba a takarda ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa da aka sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 ga dala a farashin gwamnati, cikin 2024 ta wuce 1,500. Jikka ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira 2,500. Nan da nan mutanenmu suka cika kasuwannin Jibiya da Mai'aduwa, kowa na ganin ya zama alhaji. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne, in ka canza ya fi naira dubu ɗari. Wanda ya yi lissafi irin na Baban Ummi sai ya ce leburan Maraɗi ya fi na Katsina da rabi. To ku zo ku gani ko ya fi shi ƙiba. Ba gonar Katsina ce ta daina ba da gero ba ranar da naira ta faɗi, ba ta Maraɗi ce ta ƙara ba. Mahaifina yana ba mu labarin Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Ya ce sun kwana da kuɗinsu sun tashi da rabinsa in za a sayi kayan Faransa, amma hurar safe tana nan yadda take, sai daga baya tsadar ta biyo su har gida.

Injiniya: Wannan "daga baya" ɗin ita ce muka sha mu ma. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Faɗuwar kuɗi ba ta tsaya a Wapa ba, ta bi man fetur ta shiga kwanon masara.

Autan Zaure: Malam, wani abu kuma. Na ji an ce Bankin Duniya ya mayar da layin talauci dala uku a rana. Na buga, naira 4,500 ke nan ga mutum ɗaya. Gidanmu mu goma sha ɗaya ne, kenan sai muna kashe kusan dubu hamsin kullum kafin mu fita daga sahun matalauta?

Malam Mai Alli: Ka faɗa ramin da Baban Ummi ya faɗa. Waccan dala uku ta ƙarfin saye ce, a farashin 2021, ba ta 'yan canji ba. Ma'anarta: naira nawa za ta saya maka a nan abin da dala uku ke saye a Amurka? Amsar ta yi ƙasa da 4,500 sosai. Layin ya soma da dala ɗaya a 1990, ya koma 1.90 a 2015, 2.15 a 2022, sai uku a Yunin 2025, kuma galibi sabon zagayen tattara farashi ne ke jawo gyaran. Ka yi tunanin mutum a Amurka a ce ya ci, ya sha, ya kwana, ya yi sutura da dala uku a yini. Wannan shi ne matakin da ake magana a kai, ba wata wadata ba.

Maman Hanif: Tunda ɗazu na yi kukan tsada, bari in faɗi ɗaya gefen don kada in ci amana. Wata rana da tsakar dare numfashin Hanif ya sarƙe. Na kira, motar asibiti ta zo, aka kwantar da shi kwana uku. Ba wanda ya ce in ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, ba a aike ni kemis sayen safar hannu ba. Tun 1948 tsarin lafiyarsu haka yake, daga haraji ake biya. Makarantar gwamnati kyauta ce kuma ana karatu. Ruwan famfo shi muke sha. Shekara huɗu ban sayi man janareta ba. Harajin da ake yanka mini yana da zafi, amma ina ganin inda yake tafiya. A gida kuwa mutum shi ne hukumar ruwan kansa, shi ne ta wuta, shi ne mai gadi. Wannan a wane kwando ake sa shi?

Malam Mai Alli: Ana ƙoƙarin sa lafiya da ilimi a ciki, amma nan ne mudun ya fi rauni. Kwanan asibiti ɗaya a nan da kwana ɗaya a can sunansu ɗaya ne kawai. Ga shi kuma matsakaici ne yake nunawa: Equatorial Guinea ta yi shekaru tana cikin na sama a Afirka a wannan ma'aunin saboda mai, alhali yawancin mutanenta ba su ga komai ba. Mu ma hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma a bincikenta na 2019 sama da kashi 56 cikin ɗari na abin da gidaje ke kashewa a abinci yake tafiya. A Amurka abinci bai fi kashi goma sha kaɗan na kuɗin shigar mutane ba. Shi ya sa Mahbub ul Haq na Pakistan da Amartya Sen na Indiya suka kawo ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990, suka haɗa kuɗin da ilimi da tsawon rai. Jaririn da aka haifa a Najeriya ana sa ran shekara hamsin da 'yan kai, na Japan ya haura tamanin.

Ɗan Kurmi: Rai dai a hannun Allah yake, Malam.

Hajiyar Kwari: Haka ne, amma da naka ɗan ya yi zazzaɓi ai asibitin kuɗi ka kai shi, na gan ka.

Autan Zaure: Na ga mujallar The Economist tana nata awon da biredin naman McDonald's, Big Mac, tun 1986. Mu da babu shagonsu ko ɗaya a Najeriya, ina ba da shawara a kafa ma'aunin mai shayi: Indomie biyu, ƙwai biyu, shayi mai kauri. Kowa ya turo farashin garinsu.

Ɗan Maraɗi: Sai dai a yarda tun yanzu cokali nawa ne na madara, don mai shayinmu ba ya wasa.

Baban Ummi: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira shi yanzu bayan la'asar, yana cikin bas zai tafi aikin dare. Ban yi masa maganar kuɗi ba, tambayarsa na yi nawa yake aski. Ya yi dariya ya ce rabonsa da shagon aski tun watan da ya sauka, inji ya saya, shi da wani ɗan Gombe da suke haya tare suna yi wa juna ranar Lahadi. Ɗakinsa ɗaya, fam 600, banɗaki da kicin na haɗaka ne da mutum huɗu. Ni da nake kwana a gidan gado mai ɗaki biyar ban san haka yake zaune ba. Amma na gaya masa maganin Hajiya ba irin askin Kurna ba ne, daga Indiya ake kawo shi, dala yake bi, kuma a kan wannan fam ɗinsa ta fi nairata ƙarfi nesa ba kusa ba. Mun yi da shi ni zan ci gaba da cefanenta da kuɗin mai yi mata wanki, shi ya ɗauki maganin. Ya ce fam 60 za ta isa wata uku? Na ce ya sa 70, don ban san yadda Wapa za ta wayi gari ranar 28 ba.